Dokar Koci Strayhorn

Shafi na 19

Masu zagin Koci Strayhorn a ƙarƙashin shafin jiya, na ga aikinku. Wata har cewa ta yi in haɗa ta da shi ta tsinka masa mari. 'Yar'uwa, mu da muka tashi a garin Delmont mun riga ki wannan burin, fuska ce dai ba mu samu ba. Ku gyara zama.

*

Tun da gari ya waye ranar Laraba Koci Orville Strayhorn bai sa jikinsa a kujera ba. Ya je taga, ya dawo tebur, ya nannaɗe igiyar usur ɗinsa a yatsa, ya warware, ya sake nannaɗewa.

Da la'asar 'yan jarida za su taru, zai gaya musu ya kori Kemari Whitlow daga ƙungiyar jami'a ta ƙwallon Amurka.

Kemari fa. Yaron da in ya rungume ƙwallo ya zura da gudu, sai ƙarti uku sun taru a kansa kafin su kai shi ƙasa. Ranar Asabar da ta wuce da yamma, bayan an ci wasa, 'yan sanda suka same shi a kujerar direba yana warin giya, cikin a-kori-kurar Hollis ɗan Koci. Motar ta sauka daga titi ta banke wani dattijo mai sayar da dafaffiyar gyaɗa. Dattijon yana asibiti, har yau bai buɗe ido ba. Kemari ya ce aron motar ya yi, shi kaɗai ne a ciki. An ba da belinsa, ana jiran kotu.

Wayar tebur ta yi ƙara. Buford Crane ne, daraktan wasanni, wanda a suna shi ne ogan Koci.

"Orville, ka saurare ni. Ba wanda ya ce kada ka hukunta shi."

"To me kake cewa?"

"Ka hana shi buga rabin farko. Ka sa shi ya yi ta hawan matakalar fili har ya yi amai. Ka ce wa 'yan jarida muna jiran kotu, kowa haka yake cewa."

"Ni ba kowa ba ne."

"Ranar Asabar 'yan Talbert za su zo mana! Ka san rabon da mu ci mutanen nan?"

"Bara na kori Pruitt a kan abin da bai kai wannan ba. Ban ji wayarka ba."

"Haba, Pruitt ai ɗan benci ne!"

"To, ka dai ji abin da ya fito daga bakinka."

"Orville, masu ba jami'a gudummawa sun hana ni cin abinci. Kai ma ka sani in ka faɗi wasan nan kujerarka..."

"Duk wanda ya sha giya ya ja mota, ya bar ƙungiyata. Kowane yaro ya ji wannan daga bakina ranar da ya zo. Sai anjima, Buford."

Ya kife wayar.

Bai kai ga juyawa ba aka turo ƙofa, ba ƙwanƙwasawa.

Iya Odessa ce, kakar Kemari, wadda ta raine shi tun yana rarrafe. Ta sa hular da take zuwa majami'a da ita, ta rataya jakarta a gwiwar hannu, tana haki saboda benen.

"Iya Odessa, ki zauna."

"Ban zo zama ba. Na zauna a kicin ɗina ranar da ka zo, yau kuma a tsaye za mu yi."

"Iya..."

"Ka ci soyayyar tarwaɗata, ka ce a ƙaro. Ka sha shayi mai ƙanƙara har ka ƙarar min da shi. Ka ɗora hannu a kan teburina ka ce, Iya, ki ba ni yaron nan, zan riƙe shi kamar Hollis. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa."

"To haka ake riƙon?"

"Da Hollis ne ya yi, abin da zan yi masa ke nan."

Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Kana da daɗin baki, Koci. In ka kore shi karatun ya tafi, don ƙwallon ce take biya masa. Lauya ya ce in dattijon nan ya cika, ba maganar makaranta za a yi ba, maganar shekaru za a yi. Kai kuma ka san yadda alƙalin garin nan yake kallon yaro baƙi in kocinsa ma ya wanke hannu."

"Akwai mutum kwance a asibiti, Iya. Shi ma yana da jikoki."

"Na sani. Na je na duba shi, na yi masa addu'a. Kai ka je?"

Koci ya kau da kai. Igiyar usur ta matse yatsansa har ya yi fari.

Iya Odessa ta matso, ta rage murya.

"Bari in gaya maka abin da ya hana ni barci. Kemari in ya yi laifi surutu yake yi. Tun yana ƙarami. In ya fasa kofi sai ya kawo maka dalili goma, kyanwa ce, iska ce, kofin ne ya tsufa. Yanzu kuwa? Na tambaye shi, ya ce kuskure ne, Kaka. Na sake tambaya, kuskure ne, Kaka. Ba ya ci, ba ya kallon idona. Wannan shirun ba na jikana ba ne."

"Kunya ce."

"Ni na goya shi, na san kunyarsa."

Ta gyara jakarta ta nufi ƙofa.

"Da la'asar ina nan a layin gaba. Ina so ka kira sunansa kana kallona."

*

Koci ya kasa tsayawa a ofis. Ya sauka ƙasa, ya bi doguwar baranda zuwa ɗakin canja kaya, yana cewa a ransa zai duba ko an wanke rigunan atisaye.

Mutum ɗaya ya tarar.

Kemari yana tsugune gaban lokarsa ta ajiye kaya da baƙar leda, yana zuba takalma a ciki. Kwalkwalinsa yana ajiye a kan benci, ya goge shi tas.

"Wa ya ce ka kwashe kaya?"

Yaron ya miƙe zumbur.

"Na ji an ce yau za ka faɗa, Koci. Gara in fita kafin yara su shigo."

"Dube ni."

Ya ɗago, amma idonsa a kan kafaɗar Koci ya tsaya.

"Na tambaye ka ranar Lahadi, zan sake. Ina za ka a motar?"

"Gida, yallaɓai. Wajen abokai."

"Gida ko wajen abokai?"

"Na manta."

"Ka manta. Kai da ka haddace duk dabarun wasanmu tun kafin a fara kaka, ka manta inda za ka?"

"Kuskure ne, Koci."

"In ka sake ce min kuskure ne sai na..."

Ya haɗiye sauran. Ya juya ya buga ƙofar wata loka da tafin hannu, ƙarar ta cika ɗakin.

"Ka ba ni wani abu, Kemari! Abu ɗaya da zan riƙe in shiga gaban mutanen nan da shi!"

"Ba ni da komai, yallaɓai."

Yaron ya dubi rigar da ke jikinsa, mai tambarin ƙungiya a ƙirji. Ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba.

"Wannan ma taku ce."

Ya cire ta a hankali, yana cije leɓe. Wani shati ne kwance a jikinsa, ya kumbura, fatar ta ɗaye a wasu wurare. Ya taso daga kafaɗar dama, ya ratsa ƙirji, ya gangara ƙugun hagu.

"Likita ya ga wannan?"

"Bel ɗin mota ne kawai. Zai warke."

Ya ninke rigar ya ɗora kusa da kwalkwalin, ya zura wata tsohuwa daga cikin leda.

"Na gode da komai, Koci. Ka gai da Mama Dinah."

Mama Dinah matar Koci ce. Tun da Kemari ya zo Delmont, kowace Lahadi a teburinta yake cin abincin rana.

Koci ya bi bayansa da kallo har ya ɓace. Wani abu ya tsaya masa a rai kamar ƙayar kifi, ya rasa mene ne.

*

Rana ta take lokacin atisaye. Irin zafin nan namu da mutum zai ji kamar an rufa masa jiƙaƙƙen bargo.

Ba wanda yake wasa da dariya yau. Yara sun ga lokar Kemari wayam.

Hollis Strayhorn shi ne mai jefa ƙwallo na ƙungiyar, duk wani hari daga hannunsa yake tashi. Ya jefa ta farko, ta faɗi a ƙasa kafin ta isa. Ya jefa ta biyu, ta wuce can wajen buhunan ƙanƙara.

Koci ya hura usur.

"Strayhorn! Kakata da take kabari ta fi ka hannu! Sake!"

Ya sake. Ta kuma faɗuwa.

Koci ya taka har inda yake.

"Ina hankalinka?"

"Yana nan, Koci."

"Na san abokinka ne. Kowa a nan abokinsa ne. Ka tattaro kanka!"

Ya kai masa duka a kan sulken kafaɗar hagu, irin dukan da yake yi wa kowa kullum.

Hollis ya durƙushe.

Sai da ya dafa ƙasa da hannu ɗaya. Fuskarsa ta yi fari fat a cikin kwalkwali.

Yara suka tsaya suna kallo.

"Me ya same ka?"

"A wasan Asabar aka buge ni."

"Na kalli bidiyon wasan nan har na gaji. Ba wanda ya taɓa ka."

"A... a rabin ƙarshe ne."

Sai lokacin Koci ya lura. Kowa ya yanke hannun rigarsa saboda zafi, Hollis kuwa wata riga ce mai dogon hannu a ƙarƙashin sulke, har wuya. Tun Litinin ita yake sawa.

"Biyo ni."

"Koci, atisaye..."

"Na ce ka biyo ni!"

*

Koci ya tura ƙofar ofis da ƙafa ta rufe.

"Cire."

"Baba, don Allah..."

"A ginin nan sunana Koci. Cire."

Hollis ya kwance sulken. Ya tsaya da rigar.

"Duka."

Ya cire.

Shatin ya yi shuɗi, gefensa ya fara komawa ɗorawa. Ya taso daga kafaɗar hagu, ya ratsa ƙirji, ya gangara ƙugun dama.

Koci ya daɗe yana kallo. Can ya ɗaga hannunsa na dama, ya kai kafaɗarsa ta hagu, ya jawo shi ƙasa a hankali, kamar yadda yake jawo bel kullum in ya zauna gaban sitiyari.

Na Kemari daga dama ya taso.

Usur ɗin ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

"Wa ke tuƙi?"

Hollis ya sunkuyar da kai.

"Hollis. Wa ke tuƙi?"

"Ni ne."

"Ban ji ba."

"Ni ne, Baba!"

Yaron ya fashe da kuka, ƙato da shi, ya haɗa kai da bango.

"Ba da yawa na sha ba, na rantse. Rana ce ta shiga idona a kwanar nan. Na ji ƙara, na ga tukunyar gyaɗar tana gangarawa a titi. Kemari barci yake yi, bai ma san me ya faru ba sai da ya farka..."

"Kemari barci yake yi."

"E."

"A kujerar gefe."

"E."

Koci ya tafi taga. Ya dawo. Ya ɗauki kofin kofi ya ajiye. Ya sake tafiya taga. A ƙasa motocin gidajen talabijin sun fara shigowa, ana sauke kyamarori.

"Ka bar tsoho kwance a ƙasa ka gudu."

"Kemari ya kira motar asibiti, bai bar shi ba..."

"Ba Kemari na tambaya ba! Kwana nawa kana zaune a teburina kana cin abinci, kana jina ina cewa zan kori yaron nan? Jiya ma ka miƙo min gishiri ina maganar!"

"Na so in faɗa."

"Me ya riƙe bakinka?"

"Kai! Kai ne! Wa yake iya gaya maka magana? Tun ina ƙarami doka, doka, doka. Na san in na faɗa ba uba zan tarar ba, Koci zan tarar!"

"Koci kuwa za ka tarar."

Ya zagaya tebur, ya tsaya cak.

"Tsaya. Daga kwanar nan zuwa gida tafiya ce mai nisa. Ya aka yi ka koma? Da na dawo uwarka ta ce min tun la'asar kana ɗaki kana barci."

Hollis ya share fuska da bayan hannu.

"Da ƙafa na zo. Ta daji. Ta taga na shiga, Mama ba ta sani ba."

"Da wannan kafaɗar ka hau taga?"

"E."

Koci ya dube shi. Ya jawo wayar tebur ya fara danna lamba.

"Baba, wa kake kira?"

"Waɗanda ya kamata ka kira ranar Asabar."

"Baba, masu ɗaukar 'yan wasa za su zo wasan Talbert! Saboda ni za su zo! Ka san wannan, kai ka gayyato su!"

"Akwai yaron da ya fita daga ginin nan ɗazu da kayansa a ledar shara. Shi ma saboda shi za su zo."

Ya kara wayar a kunne. Tana ƙara a can ɓangaren.

Aka murɗa ƙofa.

Dinah Strayhorn ce ta shigo, da kwanon abinci lulluɓe da tawul. Ta ga mijinta da waya a kunne. Ta ga ɗanta tsaye ba riga, da shatin nan a ƙirjinsa.

Ta ajiye kwanon a kan tebur, ta rufe ƙofar.

"Sa rigarka, Hollis."

Koci ya juyo gaba ɗaya.

"Dinah."

"Ajiye wayar, Orville."

"Ba ki tambayi me ya same shi ba."

"Na ce ka ajiye."

"Matar da in yaron nan ya yi tuntuɓe a fili sai ta kira likita. Kin ga ƙirjinsa haka, ba ki tambaya ba."

Hollis ya shiga tsakaninsu da sauri.

"Mama, ki tafi gida. Na gaya masa ba ki sani ba, na gaya masa ta taga..."

"Yi min shiru, ɗana. Ya isa."

Ta ture shi gefe a hankali, ta fuskanci mijinta. Idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

"Ni ya kira, Orville. Ba kai ba. Ina kanti ina sayen kaji, na bar kwandon a nan na tafi. Na riga motar asibiti isa."

"Ke kika ɗauko shi."

"Ni na ɗauko shi."

"Kika dube ni kika ce yana barci."

"Na ce."

Wayar tana ta ƙara a kunnensa. Ya ji gumi yana bin bayansa.

"Kemari fa? Ya aka yi ya koma gaban sitiyari?"

Nan ne ta kau da ido. Ta dafa tebur.

"Yana durƙushe kusa da tsohon, ya cire rigarsa ya tare masa jini. Na tsuguna kusa da shi. Na ce, Kemari, ɗana, Hollis ya taɓa yin irin wannan a lokacin hutu, na rufe, ko ubansa bai sani ba. In aka tona, gidan yari za shi. Kai ba ka taɓa laifi ba, za a yi maka sauƙi. Zan samo lauya. Orville kuma ka bar min shi, ba zai kore ka ba."

"Ya taɓa yi..."

"Tun Lahadi nake roƙonka a kan yaron nan, safe da yamma. Ka ɗauka tausayi ne kawai? Alkawari na yi masa! Na zaci zan iya da kai. Shekarun nan duka da muka yi, na zaci sau ɗaya za ka ji maganata."

"Me ya ce miki?"

"Orville..."

"Da kika ce ya koma kujerar, me ya ce?"

Hawaye ya zubo mata.

"Cewa ya yi, to, Mama Dinah."

Koci ya lalubi kujerar da tun safe ya ƙi zama, ya faɗa a kanta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Daga waje sakatariya ta ɗaga murya.

"Koci, 'yan jarida sun fara zama. Akwai wata dattijuwa da ta kama layin gaba, ta ce ba inda za ta matsa."

Dinah ta zagayo tebur, ta riƙe hannunsa mai riƙe da wayar.

"In ka ba su Hollis, ni ma ka ba su ni. Tare za su ɗauke mu. Ka dube ni da kyau, Orville, kafin ka buɗe baki."

Ƙarar wayar ta yanke. Aka ɗauka.

"Ofishin 'yan sandan Delmont... Kai, lambar Koci ce wannan! Koci Strayhorn da kansa! Ranar Asabar za mu tattake Talbert ko? Faɗi, me zan yi maka?"